Ƙarin Ma'aikatan Haraji: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A ranar 16 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan wata doka da ta ware wa hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, kusan dala biliyan 80 da za ta kashe cikin shekaru goma, ban da kasafin da take samu duk shekara. Fiye da rabin kuɗin, wato dala biliyan 45.6, an keɓe su ne domin bin diddigin masu zille wa haraji, sauran kuma aka raba su tsakanin gudanar da ofisoshi, da sabunta tsofaffin kwamfutocin hukumar, da kula da masu biyan haraji. Tun kafin a kai ga sa hannun, wata lamba ta riga ta cika gari, ita ce 87,000. 'Yan jam'iyyar Rifablikan suka yi ta yayata cewa za a ɗauki jami'ai 87,000 a sake su a kan talakawa da ƙananan 'yan kasuwa, har wasu suka ce da bindigogi za su zo. Asalin lambar kuwa wani rahoto ne na Ma'aikatar Baitulmali na watan Mayun 2021, wanda ya ƙiyasta cewa kuɗi irin waɗannan za su iya ɗaukar ma'aikata 86,852 cikin shekaru goma, kuma lissafin ya haɗa da masu amsa waya, da masanan kwamfuta, da waɗanda za su maye gurbin dubun-dubatar ma'aikatan da ke dab da yin ritaya. Masu riƙe bindiga a hukumar wani ƙaramin sashe ne na binciken manyan laifuka, waɗanda yawansu a lokacin bai wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba.

Hayaniyar siyasa ta danne tambayar da ta fi dacewa a yi, wato ko kuɗin da gwamnati ke kashewa wajen ƙara masu binciken haraji suna dawowa da riba, kuma wa ke ɗaukar ɗawainiyar. Ni dai ina ganin suna dawowa, har da riba mai yawa, amma da sharuɗɗa masu tsauri waɗanda idan aka kauce musu sai ribar ta koma asara. Sharuɗɗan sun shafi irin mutanen da aka ɗauka, da waɗanda aka tura su bincika, da bayanan da aka damƙa musu, da kuma ko za a bar su su daɗe a kan aikin har su ƙware.

Domin a fahimci abin da ya sa aka nemi waɗannan kuɗi, sai an waiwayi shekarun da suka gabata. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ba ya ƙarƙashin kowace jam'iyya, ya bayyana cewa tsakanin 2010 da 2018 kasafin hukumar ya ragu da kashi 20 cikin 100 idan aka yi la'akari da hauhawar farashi, ma'aikatanta suka ragu da kashi 22, masu aikin bin diddigi kuma da kashi 30. Sakamakon bai ɓuya ba. Ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisar ya gano cewa a takardun harajin 2010 ana bincikar kusan mutum tara cikin kowane dubu, amma a na 2019 abin ya faɗi zuwa ƙasa da mutum uku cikin dubu, kuma inda faɗuwar ta fi tsanani shi ne wajen masu manyan kuɗi, domin bincikensu ne ke buƙatar gogaggun ma'aikatan da suka fi barin aiki. A ɗaya gefen kuma akwai gibin da hukumar ke ƙiyastawa tsakanin harajin da doka ta ɗora wa mutane da wanda suka biya a kan kari. Na shekarar 2022 ya kai dala biliyan 696, ana sa ran kamo kimanin biliyan 90 daga baya, wanda ke nufin biliyan 606 sun tafi ke nan. Amurkawa na biyan kusan kashi 85 cikin 100 na harajinsu ba tare da an bi su ba, sai dai kashi 15 na harajin ƙasa mai tattalin arziki irin nasu dukiya ce da ta fi kasafin kuɗin ƙasashe da dama.

Magoya bayan ƙarin ma'aikata sukan fara da hujja mafi sauƙi, wadda kuma ita ce mafi rauni. Sukan ce hukumar ta tara fiye da dala tiriliyan 5 a 2024, tana kashe ƙasa da santi 40 a kan kowace dala 100 da ta tara, saboda haka duk abin da aka ƙara mata riba ne. Wannan lissafi yana da yaudara, domin mafi yawan waɗannan tiriliyoyi suna shigowa ne da kansu, ana cire su daga albashi tun kafin ya isa hannun mai shi. Abin da ya kamata a auna shi ne abin da dala ta gaba, wadda za a ƙara a kan kasafin, za ta jawo. Manomi ya san bambancin girbi da kala. Mai girbi yakan cika buhu cikin ɗan lokaci, mai kala kuwa yakan wuni bai cika kwano ba, kuma duk sanda aka ƙara masu kala a gona guda, rabon kowannensu raguwa yake yi. Aikin mai binciken haraji ya fi kama da kala, don haka dole a san ko gonar tana da sauran abin tsinta.

A Amurka ta 2022 gonar cike take. Wasu masana tattalin arziki huɗu, cikinsu har da Nathaniel Hendren, sun samu damar duba bayanan hukumar, kuma a 2023 suka fitar da sakamakon da ya nuna cewa kowace dala ɗaya da aka ƙara wajen binciken mutanen da ke cikin kashi 10 na sama a yawan samu tana dawo da fiye da dala 12, alhali binciken waɗanda samunsu ke ƙasa da matsakaici yana dawo da kimanin dala 5. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne inda mafi yawan ribar take fitowa. Kuɗin da ake ƙwatowa a lokacin binciken kansa ƙaramin kaso ne. Mutumin da aka taɓa bincika yakan ci gaba da bayyana samunsa da gaskiya shekara da shekaru, kuma abin da wannan gyaran hali ke kawowa ya ninka na binciken farko aƙalla sau uku. Wannan ma bai haɗa da maƙwabcinsa ko abokin cinikinsa da ya ji labari ya shiga taitayinsa ba, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ofishin Kasafin Kuɗi na majalisa ya fi waɗannan masana taka-tsantsan, amma shi ma da Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin janye kuɗin a Janairun 2023, ya ƙiyasta cewa za a tsimi kimanin dala biliyan 71, a yi asarar kuɗin shiga kimanin biliyan 186, gibin kasafi ya ƙaru da kimanin biliyan 114. Wato ƙudurin da aka gabatar da sunan tsimi shi ne zai ƙara wa ƙasar bashi.

Duk da haka masu adawa suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba, kuma mafi ƙarfi a cikinsu ta fito ne daga masanan haraji da kansu. Dala 12 da gwamnati ta ƙwato ba sabuwar dukiya ce da aka samar ba, tana nan tun da, hannu kawai ta sauya daga aljihun mutum zuwa baitulmali. Dala ɗayar da aka kashe kuwa ta tafi da gaske, domin lokacin ƙwararren akanta ne da zai iya yin wani aikin mai amfani. A kan wannan akwai ɗawainiyar da ba ta shiga littafin gwamnati, wato kuɗin lauya da akanta da wanda ake bincika zai biya, da makonnin da zai ɓata yana tono tsofaffin rasitai, da fargabar da za ta hana shi barci ko da bai yi laifin komai ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce a ci gaba da ɗaukar ma'aikata har sai dala ɗaya ta dawo da dala ɗaya. Wajibi ne a tsaya tun da sauran tazara mai faɗi. Amsar da nake da ita ga wannan hujja ita ce, idan aka bar mai zillewa ya sha, wani ne zai biya a madadinsa, ko ta hanyar ƙara wa masu gaskiya haraji, ko ta cin bashi, ko ta rage aikin asibiti da makaranta. Tsakanin ƙara wa malamin makaranta haraji da karɓo abin da doka ta riga ta ɗora wa attajiri, na biyun ya fi kusa da adalci, kuma tazarar ɗaya da goma sha biyu ta isa ta haɗiye ɗawainiyar da aka lissafa.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, domin ta faru a zahiri. A shekarun da hukumar ta rasa gogaggun ma'aikata, sai ta karkata ga binciken da ya fi arha, wato na wasiƙa. Akwai wani tallafin haraji da ake ba ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, musamman masu 'ya'ya. Kwamfuta ce ke zaɓo sunan mace mai aikin shara a otal ko mai jiran kanti, a aika mata takarda cewa an riƙe kuɗin da take jira har sai ta kawo shaidar cewa yaran da ta ambata sun zauna tare da ita fiye da rabin shekara. Za ta nemo takardar makaranta ko ta asibiti mai ɗauke da adireshinta, alhali wataƙila ta sauya gida sau biyu a shekarar, ba ta da akanta, kuma idan ta buga waya ba lallai a ɗauka ba. Da yawa ba sa ba da amsa, sai a soke tallafin ba tare da an tabbatar sun yi ƙarya ba. Ta haka ne gundumar Humphreys ta jihar Misisipi, ɗaya daga cikin yankuna mafiya talauci a ƙasar, kuma mafi yawan mazaunanta baƙaƙen fata, ta zama inda aka fi yawan binciken haraji a duk Amurka, kamar yadda 'yan jarida suka bankaɗo a 2019. A 2023 wani nazari na masanan Jami'ar Stanford da na Baitulmali ya nuna cewa ana bincikar baƙaƙen fata ninki uku zuwa kusan biyar fiye da sauran jama'a, kuma shugaban hukumar na lokacin, Daniel Werfel, ya amsa cewa akwai wannan bambanci. An bar jaki ana dukan taiki. Sai dai a lura cewa ƙarancin ƙwararru ne ya haifar da wannan zalunci, don haka rage ma'aikata ba zai magance shi ba. Abin da Sakatariyar Baitulmali ta lokacin, Janet Yellen, ta yi a 2022 shi ne ba da umarni a rubuce cewa kada sababbin kuɗin su ƙara yawan binciken gidajen da samunsu bai kai dala 400,000 a shekara ba fiye da yadda aka saba a baya.

Juya akala zuwa ga manya kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Manyan kamfanonin haɗin gwiwa, waɗanda wani ke mallakar wani, shi ma wani ke mallakarsa, hawa kan hawa, sun haura 20,000 a 2019, amma guda 54 kacal aka bincika, kuma a shekarun da suka gabaci wannan fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan bincike sun ƙare ba a samu abin gyarawa ba. Ko dai an zaɓi waɗanda ba su da laifi, ko kuma ma'aikacin gwamnati ya zauna gaban lauyoyin da suka fi shi albashi da gogewa ya kasa gano bakin zaren. Kowanne ne daga ciki, an kashe kuɗi a banza. Sabon ma'aikaci yana buƙatar kimanin shekaru uku kafin ya fara kawo abin da ake tsammani, kuma tsofaffin hannu ne ke barin nasu aikin su koyar da shi, don haka a shekarun farko kuɗi fita suke yi fiye da yadda suke shigowa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan ne siyasa ta yi ɓarnar da ta fi kowace. An fara ganin amfanin kuɗin da wuri a wasu wurare: bayan ɗaukar masu amsa waya 5,000, kason kiran da ake amsawa a lokacin biyan haraji ya tashi daga kimanin kashi 15 cikin 100 a 2022 zuwa sama da kashi 80 a 2023, kuma a 2024 hukumar ta sanar da cewa ta ƙwato fiye da dala biliyan ɗaya daga attajiran da ake bi bashin haraji, waɗanda a da babu isassun ma'aikatan da za su bi su. Amma yarjejeniyar ɗaga iyakar bashin ƙasa ta 2023 ta zabge fiye da dala biliyan 20 daga kuɗin, aka sake zabge kwatankwacin haka daga baya, sannan a 2025 gwamnatin Donald Trump ta rage ma'aikatan hukumar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sababbin da aka ɗauka suna cikin waɗanda aka fara sallama. An biya kuɗin horo, an kori waɗanda aka horar kafin su fara biya. Tunda a ƙa'ida shekaru uku doka ta ba hukumar ta binciki takardar haraji, duk takardar da wa'adinta ya wuce babu mai dubawa ta wuce ke nan.

Akwai kuma wani abu da alƙaluman hukumar suka nuna wanda ya sa nake ganin yawan ma'aikata shi ne na biyu a muhimmanci. A albashin da ake cire wa haraji tun daga tushe, kuma mai ba da aiki ke kai rahotonsa, abin da ake ɓoyewa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A samun da babu wani ɓangare na uku da ke kai rahotonsa, kamar cinikin mai sana'ar kansa, abin da ake ɓoyewa ya kai kashi 55. Mutanen ɗaya ne, tarbiyyarsu ɗaya, bambancin kawai shi ne sanin cewa gwamnati tana da kwafin takardar. Mai bincike da ke da bayanan banki da na rajistar kamfani a gabansa yakan san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wanda ba shi da su kuwa lalube yake yi cikin duhu, kuma mai lalube wanda ya fi kusa yake damƙa.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye a Najeriya, inda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka maye gurbin hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, da sabuwar Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa kason haraji a tattalin arzikinmu a kashi 10.86 cikin 100 a 2021, gwamnati kuma tana son kai shi kashi 18. An taɓa gwada hanyar yawan mutane a 2017, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bayyana kadarori da kuɗin shiga bisa raɗin kai, aka kuma tsara ɗaukar matasa 7,500 masu wayar da kan jama'a a kan haraji. Abin da FIRS ta tara ya tashi daga naira tiriliyan 10.1 a 2022 zuwa 21.6 a 2024, sai dai kaso mai yawa na wannan ƙari faɗuwar darajar naira da hauhawar farashi ne suka kawo shi, don haka ba za a kafa hujja da shi wajen auna ƙwazon ma'aikata ba.

Bambancinmu da Amurka shi ne, a wurinmu ba a rasa masu karɓar haraji ba, sun ma yi yawa a inda bai kamata ba. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran dokokin, ya sha faɗin cewa harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, waɗanda ba na hukuma ba kuma sun haura 200. Baffana yana da shagon kayan masarufi, kuma a cikin durowar teburinsa akwai wata leda da yake tara rasitai, wasu fari, wasu ruwan ɗorawa, wasu tambarinsu ya goge. Ina zaune a shagon wata rana wasu samari biyu suka zo da littafin tikiti da kwaɗo a hannu, suka ce na allon shago ne. Baffa ya zazzage ledar ya ciro wani rasiti ya ce, "Yarana, ai na biya wannan tun kafin azumi." Babbansu ya duba ya ce, "Baba, wannan na wasu ne, namu daban." Aka yi ta ciniki kamar ana sayen tumatir, daga ƙarshe suka karɓi rabin abin da suka nema, ba su rubuta komai ba. Da suka fita na ce, "Baffa, me ya sa ba ka nemi rasiti ba?" Ya ce idan ya nema cikakken kuɗin zai biya, kuma ba shi da tabbacin wasu ba za su zo gobe da irinsa ba. Samarin nan 'yan kamasho ne, abin da suka tara shi ne abincinsu, kuma ƙara irinsu dubu ba zai ƙara wa baitulmali abin kirki ba. Wani gwaji da aka yi a lardin Punjab na Pakistan ya nuna irin wannan haɗari: da aka ɗaura ladan masu karɓar harajin gidaje a kan abin da suka tara, kuɗin shiga sun ƙaru sosai, amma daga 'yan tsirarun gidajen da aka sake yi wa ƙima, yayin da akasarin masu gidaje suka ce cin hancin da suke bayarwa ne ya hau. Mutanen Kano da Kaduna ba su manta dalilin da ya sa soke haraji da jangali da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka yi a 1979 ya samu karɓuwa ba, domin wulaƙancin da ake sha wajen karɓa yana cikin abin da ya sa talaka ya tsani harajin.

Misalin da ya fi dacewa mu duba shi ne na Indonesiya, wadda a tsakiyar shekarun 2000 ta buɗe ofisoshi na musamman ga kamfanoni matsakaita masu ƙarfi a kowane yanki, ta yadda kowane ma'aikaci zai riƙe kamfanoni kaɗan ya san su ciki da waje. Harajin da waɗannan kamfanoni ke biya ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin da aka kashe kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin da aka samu ba. Irin wannan ƙarin ma'aikata nake goyon baya a Najeriya ba tare da wata tantama ba: akantoci da lauyoyi da masanan bayanai, masu albashin da zai hana su kallon hannun wanda suke bincika, waɗanda za a tura wa kamfanonin mai da na sadarwa da bankuna da manyan 'yan kwangila, da masu gidajen haya a Maitama da Ikoyi, musamman yanzu da sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, abin da ke nufin bin ƙaramin mai sana'a ba zai ko mayar da kuɗin mai ba.

Tunda an daɗe ana barin hukumar tarayya ta riƙe kashi 4 cikin 100 na harajin da ba na mai ba a matsayin kuɗin gudanarwa, jama'a na da haƙƙin sanin abin da ake saya da waɗannan biliyoyi. Ya kamata ita da hukumomin jihohi su riƙa wallafa yawan binciken da suka yi a shekara, da girman waɗanda aka bincika, da kason binciken da ya ƙare ba a samu laifi ba, da kuma abin da ya shiga baitulmali a zahiri, domin adadin da aka rubuta a takardar neman biya daban yake da wanda ya rage bayan an je kotu. Ya kamata kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokokin 2025 suka tanada ya riƙa bayyana irin ƙorafin da ke zuwa masa da inda suke fitowa. A Amurka irin waɗannan alƙaluma ne suka ba mutanen waje damar gano abin da ake yi wa mazauna gundumar Humphreys da sauran baƙaƙen fata, har shugaban hukumar IRS ya rubuta wa majalisa yana amsa cewa za a sauya yadda ake zaɓen waɗanda za a bincika.